Sandunan Malachy Tuohy

Duk wanda ya taɓa riƙe sandar hurling, wasan da ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda, a gundumar nan ya san shagon Malachy Tuohy. Yana bayan cocin ƙauyen Kilbracken, mai rufin kwano da ƙofa ɗaya, ƙasa cike da garin katako. Hannunsa wajen sassaƙa sanda ba shi da na biyu. Amma ɗan ƙungiyar gunduma ba ya samun sandarsa, ko da ubansa ne ya zo roƙo.

Abin ya samo asali tun yana ɗan shekara ashirin da uku. Shi ne golan gunduma a shekarar da suka fara kaiwa wasan ƙarshe na ƙasa a Dublin. Saura mako ɗaya, sakataren ƙungiya ya tare shi a bakin fili, yana kallon ƙasa, ya ce masa an yanke shawara Fintan Garvey ne zai tsare raga. Fintan kuwa ɗan ƙanwar shugaban ƙungiya ne. Malachy ya bi su Dublin, ya zauna a benci yana kallo aka zura wa Fintan ƙwallo uku, ɗaya ma ta tsakanin ƙafafunsa ta wuce. Da maki biyu aka cinye su. A jirgin ƙasa na dawowa ya cire rigar gunduma ya wurgar ta taga.

Daga nan ƙungiya ta shiga tangal-tangal. Shekara goma sha ɗaya ba su tsallake zagayen farko ba. Malachy ya auri Nuala, ya buɗe shago, ya riƙa yi wa 'yan gundumar maƙwabta sanduna, har yana tambayarsu ranar da za su kara da nasu don ya gama a kan lokaci. Da Fintan ya zama koci suka ɗan farfaɗo, har suka ci kofin lardi sau ɗaya. Malachy ya rufe shago kwana uku, ya ce bayansa ke ciwo. Bayan shekara huɗu aka sauke su zuwa rukuni na biyu.

A makon ne Fintan ya tare shi a ƙofar coci ran Lahadi, mutane na fitowa.

"Malachy, shekara talatin fa ke nan. Ba ka gaji ba?"

"Fuskarka na gaji da gani, kai kuma kullum sai ka kawo min ita. Ya ƙafafun? Ka koyi rufe su, ko har yanzu a buɗe suke?"

Fada, limamin cocin, da kansa ya shiga tsakani. Fintan ya juya ya tafi, kunnuwansa jawur, kuma ba su sake magana ba.

Malachy na da shekara saba'in da tara aka kira jikansa Cathal, ɗan 'yarsa Orla, ya tsare wa gunduma raga. Cathal saurayi ne mai sanyin hali, kuma tun yana ƙarami da sandunan kakansa yake wasa. Ya zo shago da rana, sanye da sabuwar rigar ƙungiya, ya roƙi a yi masa sandar gola mai faɗin kai. Tsohon bai ɗago daga aikinsa ba.

"A gida kai jikana ne. Cikin wannan riga ban san ka ba."

Orla ta zo ta yi masa tas, ta ce mutanen da suka cuce shi duk suna kabari in ban da ɗaya, wato Fintan, shi ma da ƙyar yake tafiya. Ya ce saura ɗayan. Daga ranar ta daina zuwa cin abincin Lahadi, Nuala ta riƙa dafa dankali da nama na mutum biyu kawai.

Cathal ya sayi sanda a wani gari. Ƙungiya ta yi ta cin wasa har ta ɗauki kofin rukuni na biyu, ta koma cikin manya. Ranar da motarsu ta ratsa Kilbracken da makaɗa, Cathal na riƙe da kofi, Malachy ya kunna injin zarto ya bar shi yana ƙara har suka wuce.

Malachy ya rasu a bazarar da ta biyo baya. Ƙungiya ta aiko da furanni masu launin rigarta, Nuala ta sa aka ajiye su a wajen katangar maƙabarta, kamar yadda ya bar mata wasiyya. Fintan ya zo da sandar dogarawa, ya tsaya can baya. Cathal na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar, bai yi kuka ba.

A watan Yuni aka fitar da gunduma a wasan farko, da tazarar maki goma sha huɗu. Da Orla ta gaya wa uwarta, Nuala ta ce da Malachy yana nan, yau da ya nemi ƙarin abinci.