Zanzaro a Gaban Baba

Ranar da ƙanena ya fara dawowa da kakin soja, gidana a Nguru ya sauka, don yana tsoron tunkarar Baba shi kaɗai. Baba bai so shigarsa soja ba, shekara biyu ko sunansa ba ya ambata. Ni babbar yaya aka ɗora wa sasanta su.

Da safe ya fito da rigar da suke sawa ranar fareti, ya goge ta da kansa har karinta ya tashi kamar bakin wuƙa. Ya cusa ta cikin wando, ya daidaita jerin maɓallan da kan bel. Na ce ai ba zai je gaban Baba da zanzaro ba, tsohon da ya taɓa korar malamin gona daga zaure saboda haka. Ya ce rigar nan ba a sakinta, doka ce. Na ce dokarsu ta tsaya a bariki. Har muka wuce Jajimaji muna musu a mota, ga zafi, ga warin bandar kifi, ni kuwa na rasa wanda nake karewa, shi ko Baba.

A ƙofar gidanmu a Gashuwa na ci galaba. Ya zaro rigar yana huci, ƙasanta duk ya yamutse, ta koma ba ta soja ba, ba ta mutanen gari ba.

Baba na kan tabarma yana ɗinkin taru da lalube, don idonsa ya yi rauni. Ƙanena ya tsuguna ya gaishe shi. Sai Baba ya miƙa hannu ya shafa kafaɗarsa, ya bi maɓallan har ƙasa, ya kama bakin rigar da ke reto.

"Haka kuke sa ta a can?"

"A'a, Baba."

"To wa ya ce ka ɓata ta?"

Ƙanena bai dube ni ba, har yau ina gode masa. Baba ya sa ya miƙe ya mayar da ita yadda take. Ya sake shafawa, sannan ya ce tunda ya ɗauki aikin, ya riƙe shi da kyau, Allah ya tsare.

Na shige cikin gida da kunya da haushi, ban ma san haushin wa nake ji ba. Ina ganin duk gidan ba wanda ya san tsohon nan kamar ni, ashe ni ce na kusa ɓata musu ranar.