Ɗakin Kisra na Hajja

A shekarata ta biyu ta karatu a Alƙahira na koma unguwar Arba wa Nus da zama, don hayaniyar ɗakin kwanan ɗalibai ta ishe ni. Na sami ɗaki a gidan wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan da kowa ke kira Hajja. Kakanninta sun bar ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Ita da mijinta kuma suka gangaro Masar tun ina cikin zanin goyo.

A lungun da ke tsakanin gidanmu da shagon wani mahauci, marigayi mijinta ya gina mata ɗaki da jan bulo. A nan take yin kisra, wainar dawa marar kauri da mutanen Sudan ke ci da miya. Da ɗakin nan take ci, da shi take ciyarwa. Da safe nakan zauna a ƙofa da littafi a cinya, ba na karanta komai, ina kallon hannunta yana shafa ƙullu a kan baƙin ƙarfe. Idan ta ɗaga kisrar, hasken rana yakan ratsa ta kamar mayafi.

Mahaucin yana son lungun. Ya nema da lallashi, ta hana. Wata rana da hantsi ya zo da yaran shagonsa, suka fara fitar da buhunan garin dawa suna jifa a titi. Ɗan ƙanen Hajja, wani ƙaton leburan gini mai yawan dariya, ya zo cin abinci ya tarar da su. Ya ɗaga ɗaya daga cikinsu ya maka shi da bango. Wani ya zagayo ta baya ya sare shi a kafaɗa da ƙugiyar rataye nama. Na ji ƙarar yagewar riga, sannan na ga jini yana bin hannunsa yana ɗiga cikin garin dawar da ya zube. Da ɗaya hannun ya kama wuyan mai ƙugiyar, ya riƙe har idanun mutumin suka firfito. Sai da maƙwabta suka taru a kansa kafin ya saki.

Da mahaucin ya ga ƙarfi bai yi ba, sai ya kai ƙorafi ofishin hukumar unguwa cewa an yi ginin ba da izini ba. Aka zo aka manna umarnin rushewa a ƙofar ɗakin. Daga ranar, ɗan ƙanen Hajja da abokan aikinsa suka riƙa gadin wurin bi da bi, kowa da gorarsa. Sau da yawa mutanen rusau sukan leƙo, su ga ƙartin nan zaune a kan buhuna, su juya.

Hajja ta ɗauki lauya, wani Bamisire mai saurin magana. Ta ce masa rigimarta da mahauci ce, shi take ƙara. Ya shigar da ƙarar a kotun madaniyya, wadda ke raba gardama tsakanin mutum da mutum.

Ni na raka ta ranar da aka yanke hukunci. Alƙalin bai ko ɗaga kai ba, ya yi magana kaɗan, aka kira masu bi mana. A baranda lauyan ya yi mana bayani. Kotun ta ce ba ta da hurumi. Abin da ke barazana ga ɗakin umarnin hukuma ne, kuma kotun idariyya, mai shari'a tsakanin mutum da gwamnati, ita kaɗai ke iya duba umarnin hukuma. Don haka an tura shari'ar can, su kuma dole su saurare ta.

"To, alhamdu lillahi," in ji Hajja. "Ƙaramin alƙali ya ga ta fi ƙarfinsa, ya miƙa wa babba."

"Ba babba da ƙarami ba ne, ya Hagga," in ji lauyan, yadda Misirawa ke faɗin Hajja. "Kowa da gonarsa. Kuma ki ji ni da kyau, har yanzu babu wanda ya dakatar da rushewar. Sai fayil ya isa can, an ba shi lamba, sannan in roƙi a dakatar."

"Yanzu maganar tana hannun wa?"

"Tana hanya."

"Hanya ai ta alƙali ce," in ji ta, ta gyara mayafinta.

Da muka dawo gida ta kira ɗan ƙanenta ta ce ya kwashe mutanensa. Ya ɗauka wasa take yi.

"Gwaggo, ko kisrar da muke ci ce ta fara yi miki ciwo?"

"Cin naku ai ya fi na fara. Amma ba shi ba ne. A garinmu, idan magana ta je gaban alƙali, duk wanda aka gani da sanda ya zagi alƙali, kuma ya kayar da kansa. Ubana ya rasa gona a kan haka. Da can ƙaramar kotu ce, na yi shiru. Yanzu da gwamnati muke shari'a. Kana so a je a ce wa babban alƙali na tara 'yan daba?"

"Gwaggo, nan ba garinku ba ne. Alƙalin nan bai san da ke ba, bai san da ni ba."

"Zai sani. Khalas, magana ta ƙare, ɗauki gorarka."

Ya dube ni. "'Yar jami'a, ki faɗa mata mana."

Na maimaita mata abin da lauya ya ce, kalma bayan kalma. Ta shafa kumatuna ta ce, "'Yata, ke kin san littafi, ni na san alƙalai." Kafin la'asar lungun ya zama wayam.

Ba a yi mako ba suka zo. Da safe ne, ƙarfen kisra ya yi zafi, ina zaune a inda na saba. Lungun ya yi wa katafila ƙunci, saboda haka da guduma suka zo: ma'aikatan hukuma, ɗan sanda guda, da yaran mahaucin a bayansu suna cewa taimako suka kawo. Hajja ta miƙe ta tsaya a bakin ƙofa, ta riƙe dogaran ƙofar da hannu biyu.

"Maganar tana kotu!" ta ce da Larabci. "Tana kotu, ku ji tsoron Allah!"

Jami'in da ke jagorantar ma'aikatan ya tambaya, a natse, ko tana da hukuncin dakatarwa. Ta ce alƙali ya tura ta gaba. Ya ce, "Ma'alish, ya Hagga," wato ta yi haƙuri, ya ɗaga wa masu guduma hannu.

Suka fara ta bangon baya tana tsaye a gaba. Kowane bugu ina jin sa a haƙorana. Ƙura ta turnuƙe, rufin kwano ya karkace yana kuka. Ɗaya daga yaran mahaucin ya kama ta yana ja, ta ƙi saki. Ya ɗauki muciyar da take dama ƙullu da ita ya buga mata a wuyan hannun dama. Ta ƙi saki. Ya sake bugawa. A na biyun na ji ƙashin, ƙara ce ƙarama, kamar an karya kara. Ta faɗi a kan gwiwoyinta ba ta yi ihu ba.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na tuna dai na kama gashin mutumin da hannu biyu, ni da ban taɓa marin kowa ba, na cije shi a kunne har na ji gishirin jini. Ya wurgar da ni, bayana ya bugi tukunyar gas, wani ya take mini yatsu da takalmi. Matan maƙwabta suka fito da taɓarya da bokitai. Wata ta watsa ƙullu mai tsami a fuskar ɗan sandan, shi kuma ya shiga dukan duk wadda ya samu da kulki. Wata maƙwabciyarmu mai ciki ta zube a cikin kwata tana salati. Duk wannan, masu guduma ba su tsaya ba. Bangon ya faɗi a kan baƙin ƙarfen da kisra ɗaya a kansa tana ƙonewa.

Mahaucin yana tsaye a ƙofar shagonsa, wuƙa a hannu, bai matso ba. Ɗan ƙanen Hajja ya iso a guje daga wajen aiki, siminti har gira. Ya dubi tarin bulo, ya dubi hannun gwaggonsa da ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Ya sunkuya ya ɗauki rabin bulo. Maza huɗu suka danne shi a ƙasa, yana ta kiran sunan mahaucin har muryarsa ta dushe.

Bayan watanni fayil ya isa, aka ba shi lamba, aka sa mana rana. Kotun idariyya tana da tsabta da sanyi, alƙalin kuma ya saurari lauya da kyau. Ya ce tunda an riga an rushe, babu abin da za a dakatar. Za a ci gaba da duba ko umarnin ya halatta. Batun karaya na kotun laifuka ne. Batun wanda ya mallaki lungun tsakaninta da mahauci kuma, wannan na kotun madaniyya ne, sai a shigar da sabuwar ƙara can.

Lauyan ya fara lissafa mata abin da za a yi. Hajja ta ɗaga hannun da ya warke a karkace, yatsun ba sa rufuwa, ta ce, "Ko sun ba ni lungun, ustaz, da me zan shafa ƙullu?"

A ƙarshen watan ta koma unguwar Hadayek el-Maadi wajen 'yarta. Ni na naɗe mata kaya, na ɗaure mata igiyar takalmi, na riƙe mata jaka har bakin mota.