Ubelinda da Watannin Mura

Ubelinda Cárcamo ta yi shekara ashirin da uku tana goge ɗakin yara a asibitin garinmu, Coyhaique. Ni kuwa ɗinki nake yi. Shingen katako ne kawai tsakanin gidajenmu, kuma ni na riƙe 'yarta Yasna ranar baftisma.

Karatunta bai wuce aji shida ba, amma ta san Yuni da Yuli da Agusta, watannin sanyinmu, fiye da kowa. Da sanyi ya kama, hayaƙin itace ya rufe gari, sai a fara kawo jarirai. Gadaje su cika. Kowanne da siririyar robar iska a hanci, fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa in ya ja numfashi, uwarsa na zaune a kujerar roba kwana biyar, kwana goma. Likitoci kan ce ƙwayar cutar mura ce, ba allurar da ke kashe ta, sai dai a taimaki yaro da iska har ya ci ƙarfinta. Yawancinsu sukan koma gida. Wasu kuwa ita ke wanke gadonsu bayan an fita da su a naɗe.

Tana goge ƙarƙashin gado tana tambayar iyaye mata wa ya zo gidansu. Amsar kusan ɗaya ce. Goggo ce ta zo barka da ɗan tarinta. Kaka ce ta sumbace shi. An rufe ƙofar kicin saboda sanyi, an zauna an sha mate, shayin ganye na ƙasarmu. Mu nan ƙoƙon mate ɗaya ne, bututun zuƙa ɗaya, daga wannan baki zuwa wancan, kuma wanda aka miƙa wa ya ƙi, tamkar ya yi zagi ne.

Daga nan ta kafa dokarta, ba wanda ya naɗa ta. Gidan da ke da jariri a layinmu, mai mura ba ya shiga, kuma ƙoƙo ba ya zagayawa. Ranar da aka haifa wa yayan mijinta, Don Arnoldo, jika, ta tare shi a bakin ƙofa yana jan majina.

"Ina za ka da wannan hancin?"

"Jikana ne fa, Ubelinda. Ke ce magajiyar gari?"

"Ni ce mai goge ƙasa. Koma gida, kana yoyo kamar tsohon famfo."

"Ai ke ko mate mutum zai sha da ke sai ya kawo takardar likita!"

Ya yi shekara biyu ba ya gaishe ta. Ni ma ta taɓa mayar da ni da kyautata a hannu, na yi sati ina fushi, ita ko a jikinta.

Yasna ta yi shekara goma sha huɗu da aure ba haihuwa. A watan Mayun bara ta haifi namiji, bakwaini, aka sa masa Gaspar. Sati biyar ya yi a kwalba, ba mai taɓa shi sai uwarsa da nas. Ubelinda, wadda ta riga ta bar aiki, ta wanke ɗakin da zai kwana a gidanta sau uku, ta saƙa masa hula mai kama da kwasfar lemo don ƙanƙanta. Ana gobe za a sallamo shi ta tashi da tari.

Da hantsi na gan ta a ƙofata da jakarta.

"Ƙawa, ki ba ni ɗakin keken ɗinkinki."

Kullum da azahar takan naɗe wuyanta, ta zagaya ta tsaya a bayan tagar gidanta, Yasna ta ɗago yaron ta cikin gilashi. Ta dube shi, ta ƙirga numfashinsa da ido, ta dawo. Sati biyu a haka, tarin ya gangara ƙirji, fita ta gagara. Yasna ta kira a waya tana kuka, ina ji.

"Mama, zan kawo shi. Ki rufe hancinki, minti biyu kawai ki riƙe shi."

"Kika kawo shi, ba ni ba ke."

Na ce, "Haba ƙawa, shekara goma sha huɗu kina jira."

"To in na ƙara wata guda mene ne? Ke dai ƙara itace, tsohuwa, ɗakinki kamar firji."

Aka ba ta gado a asibitin da ta goge, ɓangaren manya. Likita ya ce huhunta duka biyu sun kamu. Ta rasu ranar sha tara ga Agusta, tana da shekara sittin da takwas, ba ta ɗauki jikanta ba.

Gaspar ya fita daga sanyin nan bai sake kwana asibiti ba. Jarirai uku na layinmu sun kwana, duk sun dawo. Ban sani ba ko minti biyun nan da sun cutar da shi, ba kuma wanda zai iya gaya mini. Ni dai da na so ta riƙe shi. Bayan an binne ta da kwana tara Yasna ta miƙo mini shi, na karɓa, ya fi yadda na zata nauyi. Allah ya jiƙanki, Ubelinda, ƙawata.