Radabuk na Nuzla

A unguwar Nuzla ta Jidda har yau akwai masu rantsuwa cewa Nomau ya taɓa ɗaukar motar alhazai a ka, da alhazan a ciki, direba yana ta danna oda. Ƙarya ce tsagwaronta. Firji ne, kuma ko ƙofa babu a jikinsa. Amma dai ya hau da shi bene hawa huɗu ba tare da ya sauke ba, wannan kam an gani.

Nomau mutumin Tawa ne. Ya zo aikin hajji a shekarar 1979, jirgin komawa ya tashi, shi kuma ya ce bai gama ganin gari ba. Dako ya kama a masaukin alhazai. Nan ya haɗu da Hajji Abdulghaffar, wani fari sol ɗan Bosniya mai kula da alhazan ƙasarsu, mutum mai bakin zuma. Ranar da ya ga Nomau ya haɗa akwati uku ya saɓa, sai ya dafa ƙirji ya ce: "Radabuk!" Wai sunan wani gwarzo ne na tatsuniyar ƙasarsu, wanda ya tare rundunar maƙiya shi kaɗai a kan gada. "Tunda nake," in ji Hajji, "ban ga wanda sunan nan ya dace da shi ba sai kai."

Shi ke nan, an gama da Nomau. Abin da ƙarti uku za su ɗauka, da Hajji ya ce "Yalla, ya Radabuk," sai ya sunkuya. Wansa ya buɗe shagon kayan miya a unguwar Sa'alaba, ya roƙe shi ya zo su zauna a inuwa, Nomau ya ce gwarzo ba ya auna tumatir. Haka ya yi ta yi har ƙashin bayansa ya lanƙwashe, Hajji ya tsufa ya koma gida ya rasu. Nomau ya yi kukan da bai yi wa ubansa ba.

A 2010 ya je wa 'yarsa Zakiya ziyara a unguwar Safa, inda take aure, taubashinsa Rafi'u ya bi shi don cin shinkafa. Nomau ya ga kwamfuta a kan tebur.

"Ke Zakiya, an ce abin ga ya san kowa. Nemo mini mai sunana in ga fuskarshi."

Ta rubuta Radabuk. Na farko da ya fito mai tsaron gida ne a ƙwallo.

"Ba shi ba ne. Wanga ko buhun gawayi ba ya ɗagawa."

Na biyu likitan haƙori, harafi ɗaya ya raba su. Na uku sunan wani ƙauye. Na huɗu kamfanin tsiran nama. Rafi'u ya ce wannan ne ya fi kama. Can sai ga zanen wani ƙato mai gashin baki kamar ƙahon sa, tsaye a kan gada. Nomau ya gyara hula.

"Ka gani? Har kafaɗar iri ɗaya."

Da a nan aka tsaya, da an ci shinkafa lafiya. Amma Zakiya ta ƙara kalmar Jidda a gefen sunan, ko za a ga Hajji. Aka gan shi kuwa. Jikansa ya zuba tsofaffin hotunansa a wani shafi. Ga Hajji ya rungume wani Bayamale mai igiyar dako, an rubuta a ƙasa: Radabuk na Jidda. Ga shi da wani ɗan Chadi dogo: Radabuk. Ga wani ɗan Bangala siriri kamar tsinken tsire, shi ma Radabuk. Ta sa na'urar ta juya bayanin da Larabci, ta karanta a zuci, ta juya ta fara zuba shinkafa.

"Mi anka ce?"

"Khalas ya Baba, wala shai, ba komai ba ne. Mu ci abinci."

"Na ce mi anka ce?"

Ta faɗa masa a hankali. Jikan ya rubuta cewa kakansa yakan ba da labarin nan yana dariya: a Jidda in ka ba ɗan dako wannan suna, ba sai ka ɗauki na biyu ba.

Nomau ya ce ta ci gaba da saukar da hotunan. Ta sauke har ƙarshe. Babu nasa. Ya daɗe yana kallon fuskar Hajji, hannunsa ɗaya a kan ƙugunsa, wurin da ke hana shi ruku'u sosai.

"Na yanka mashi rago sadaka," ya ce, kamar mai magana da bango.

Taubashi dai taubashi ne, ko a gidan makoki. Rafi'u ya cika baki da shinkafa ya ce: "To ranka ya daɗe, a cikin rundunar taku kai ne Radabuk na nawa? Ko kai ne mai riƙe musu takalma?"

Nomau ya juyo ya dube shi sama da ƙasa.

"Ni sai da anka yi mini ƙarya na zama jaki. Kai haka anka haife ka."