Haliru Tela da Littattafansa

Ranar da aka gayyace ni yi wa ɗalibai jawabi a Kalgo, na miƙe da babbar riga na lissafa musu littattafai biyar kan kasuwar da gwamnati ba ta tsoma hannu a cikinta. Aka tafa. Sai wata malama, Naomi, ta ce, "Malam Shamsuddeen, na farkon me yake cewa?" Na yi tari, na sha ruwa, na ɗora laifin a kan lasifika. Ko ɗaya ban karanta ba. A shagon Haliru na kwafo sunayen.

Haliru tela ne a Gwandu, haifaffen Dalijan. A aji uku na sakandare ya bar makaranta, shekarar da babansa ya rasu. Da ya iya ɗinki, manyan teloli suka hana shi rumfa a layinsu, wai farashinsa ya yi sauƙi. Shekara biyu yana ɗinki a zaure yana tambayar kansa: wa ya ba su ikon? Tambayar nan ce ta kai shi wajen masu tsofaffin littattafai a Sakkwato. Turancinsa gurgu ne, da ƙamus yake dogarawa, shafi biyu a yini. Yanzu yana da shago da akwati guda na littattafai, kuma yana ba kowa aro, bisa sharaɗi ɗaya: ka dawo ku yi gardama. Wanda ya yi masa ƙarya, an rufe masa akwati ke nan.

Ni kuwa wata uku littafinsa na ɗakina. Da na dawo daga Kalgo na kai masa, don shagon nan ne kawai inda ake sauraron surutuna.

"Ka gama, mutumina?"

"Tas! Marubucin nan ƙwaro ne."

"Mi ya ce game da manoma?"

"Ai... ya yaba musu ƙwarai."

Haliru ya tsayar da keken ɗinki, ya buɗe littafin a hankali. Ashe ganyen dogonyaro yake jerawa tsakanin shafuka saboda gara. Ga su nan, kowane a mazauninsa, har sun manne. Na ji rigata ta yi mini nauyi.

"Haliru, wallahi ayyuka ne suka..."

"Mutumin nan cewa ya yi kowa shi yi tunani da kansa. Kai ko karatun ma so kake a yi maka. Aje shi nan, mai facin taya na jiransa tun bazara."