Ustaz Annadif da Hadisin Mahaifiyata

Allah ne Ya ba mu shi, kuma Ya karɓi abinSa. Da hantsin Laraba, goma ga watan Safar 1446, Ashta ta kira ni ta ce mahaifinta, Ustaz Annadif Dahab, ya cika. Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa a nan Abeshe. Na dawo gida na rasa wanda zan ba labarin jana'izar, domin kai nake kai wa irin wannan labari, Ustaz.

Shekara ashirin da shida kana riƙe da ɗakin karatun kwalejinmu. Da aka saka mana manhajar nan mai ɗauke da dubban littattafan tafsiri da hadisi a kwamfuta, mu tsofaffin malamai muka yi ta murna, mun huta da hawa tsani. Kai ma ka yi murnar, amma ka hana mu sakewa. Duk wanda ya kwafi magana, sai ka tsare shi ya kwafo sunan littafin da na marubucin, da juzu'i da shafi da bugu, a wannan zaman, ba sai gobe ba. Ka ce a fara duba ko lambar shafin ta dace da ta bugaggen littafi, don wasu lambobin injin ne ya ƙirga abinsa. Ka ce a karanta layi biyar a sama da biyar a ƙasa kafin a ɗauka. Hashiya kuwa, wato bayanin ƙasan shafi, ita ce ta fi tayar maka da hankali, domin idan aka manna rubutu takan haɗe da matani, sai maganar mai gyaran littafi ta koma bakin marubucinsa. Ɗalibai sun sha ƙunƙuni, har suna kiranka ɗan kwastan. Amma ban taɓa jin an kama wanda ya bi ta teburinka da jingina wa wani abin da bai faɗa ba. Mai raunin ido irina kuma, kai kake zama ka karanta masa, shayinka na hucewa a gefe.

Abin da ya shiga tsakaninmu littafina ne a kan haƙƙin maƙwabci. Na so in buɗe shi da maganar da mahaifiyata Hawaye take yawan faɗa, cewa mai dawowa daga tafiya ya gaida maƙwabcinsa kafin ya kwance kaya. Ita a saninta hadisi ne, ni ma a haka na tashi. Na yi watanni ina lalube a manhajar, sai na ci karo da ita a wani littafin wa'azi na baya-bayan nan. Na zo maka da juzu'i da shafi ina taƙama. Ka ja rubutun sama kaɗan, ka nuna mini da yatsa. Marubucin cewa ya yi wani tsoho ne ya gaya masa.

"Attayyib," ka ce, "shafi ka samo, ba asali ba. Gaggawarka ta ƙuruciya har yanzu ba ta yi furfura ba?"

Na ce maka uwata ba ta ƙarya. Ka ce kai ma ba ka ce ta yi ba, amma muddin kana numfashi ba za a buga sunan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a kan abin da ba mu tabbatar ba. Na yi fushi. Mako uku ban leƙa ɗakin karatu ba, kuma a garin nan duka ba ni da wani wurin zuwa tun rasuwar matata. Na zauna a gida ina jin haushinka, ina kuma kewarka.

Ashe kai ka koma hawa tsanin. Ranar da na ji ka kwanta ciwo na je duba ka, jiki ya riga ya yi nauyi, ka sa Ashta ta miƙo mini takardu. Littafi saba'in da ɗaya ka buɗe da hannunka saboda ni, kowanne da bugunsa, a gaban kowanne ka rubuta babu. Sannan ka ce, "Ɗan'uwa, me ya sa kake jin nauyin cewa uwarka ce ta faɗa? Ita ba ta isa a ambata ba?"

Na ce zan dawo jibi mu yi magana, jibin kuma bai same ka ba.

Jiya na aika littafin wurin masu bugu a Njamena. Na cire kalmar hadisi. A ƙasan maganar na rubuta: Hawaye 'yar Khamis, daga bakinta na ji, a tsakar gidanmu, ina ɗan shekara tara. A duk littafin ita kaɗai ce maganar da ni ne shaidarta, kuma ita kaɗai na aika ba tare da idonka ya bi ta kai ba. Na karanta ta sau da yawa ni kaɗai kafin in saki.

Allah Ya jiƙanka, Ustaz. Ya haskaka kabarinka, Ya sa tsoron da ka ji wa sunan ManzonSa ya zama sanadin haɗuwarku. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Kaltuma, da Ashta da ƙannenta, da ɗalibanka na kusa da na nesa. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa. Ni kuma ku sa ni a addu'a, domin na bar shi yana jiran amsata.