Gurun Bashiru da Injin Hoton Ƙwaƙwalwa

Salama gare ku 'yan uwa. Ni lafiya, 'yan matana lafiya, maigida ma lafiyarsa ƙalau har ta yi yawa. Ɗana Bashiru ne ba lafiya. Ya faɗi da babur a hanyar Lolo ya bugu a kai. Yanzu sai ya gama cin tuwo ya tambaye ni yaushe za a kawo tuwo.

Likita a Sakkwato ya ce hoton farko bai nuna komai ba, amma akwai sabon salon hoto na injin MRI mai gano siraran jijiyoyin ƙwaƙwalwa idan sun tsinke. Ya ba mu ranar Alhamis. Sai dai injin babban maganaɗisu ne, ko allura ba a shiga da ita.

To, Bashiru yana da guru a ƙugu mai zobban ƙarfe, kakansa ya ɗaura masa. Maigida ya ce ba mai kwance shi.

Na ce, "Malam, injin nan zai fizge shi har da yaron."

Ya ce, "Maganin ƙarfe ne fa. Injin ne zai ji tsoro."

Na ce, "To babur ɗin ba ƙarfe ba ne?"

Ya ce, "Ke Hajara, ƙasa ce ta buge shi. Babur ko ƙwarzane bai yi masa ba."

Tun ranar barci ya gagare ni.

Don Allah duk wanda ya san dattijon da zai rantse wa Malam cewa guru yana aiki ko daga aljihun uba, ya amsa mini kafin Laraba.